Damargu, Kada Mu Rufa wa Annoba Asiri

Jama'ar Tanut da Belbeji, mutanen Gangara da Olelewa, Falanko, Tenhiya da Tarka, na cikin gari da na ruga da na zango, ku ba ni aron hankalinku, maganar da ke tafe da ni ba ta jiran gobe.

A watan Yulin 2023 cutar mashaƙo ta ɓulla a wajen Matamaye, cikin ƙasar Kance, a watan Agusta kuma ma'aikatar lafiya ta shelanta cewa annoba ce. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka ƙirga sama da mutum 2,000 da suka kamu a faɗin Nijar, sama da 100 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu yara, kuma jiharmu ta Damagaram ce ta fi kowace jiha jin jiki. Watanni kaɗan kafin nan, tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023, sanƙarau ya kwantar da mutum 559 a jihar nan, ya ɗauke 18, ya fi ɓarna a Dungas. Kafin shi kuma, a 2021, amai da zawo ya bi Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya kama sama da mutum 5,000. Annoba uku ke nan cikin shekara uku, ban da ƙyanda da ba ta fashin rani.

Na san wani zai ce ai waɗannan garuruwan kudu ne, na bakin iyaka, mu nan arewa sarari gare mu da iska. To, a tuna inda muke zaune. Damargu ƙasar hanya ce tun kaka da kakanni. Ta nan ayarin Tarabulus da Gat ke bi zuwa Kano, nan ayarin gishirin Bilma ke sauka ya ɗauki gero. Raƙuma sun ragu, amma hanyar ba ta huta ba. Kwaltar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Bakin Birji da Sabon Kafi da Tanut ta nufi Agadas, ita ke ɗauke da ƴan bida masu zuwa Libiya da Aljeriya da waɗanda aka koro, da samarin da ke dawowa daga haƙar zinariya a Jado suna tari, da almajirai masu zuwa ganin gida, da dillalan dabbobi. Makiyaya kuwa da damina su haura, da kaka su gangaro. Wanda ya yi sallar asuba a Kano, inda mashaƙo ya kama dubban yara a 2023, yana iya yin isha'i a Tanut. A 2018 awo ya nuna cewa ƙwayar shan-inna da ta shanye ƙafafun wasu yara a jihar nan jinsi ɗaya ce da wadda ke yawo a Jigawa. A shekarar dai, amai da zawon da ya kwantar da sama da mutum 3,000, akasari a Madarunfa, an fara ganinsa ne a jikin ƴan gida ɗaya da suka ƙetaro daga Jibiya neman magani. Hanya ba za ta rufu ba, kuma ba ma so ta rufu, don a kanta muke ci. Abin da ke hannunmu shi ne abin da za mu yi ranar da ciwon ya sauka a gidanmu.

Ga yadda abin ke faruwa, kuma duk uwa ta san shi. Yaro ya tashi da zazzaɓi, ya ƙi fura, in ya haɗiyi miyau sai ya ɓata fuska. Aka ce mura ce, aka sayo ƙwaya biyu wajen mai tebur. Kashegari wuya ya kumbura, murya ta dishe. Kaka ta buɗe bakin ta leƙa, ta ga wani abu toka-toka ya shimfiɗu a maƙogwaro, ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Maƙwabta suka yi ta shigowa sannu, kowace da goyonta. Wannan ta ɗauke shi ta rungume, waccan ta ba shi ruwa a moɗar da ɗanta zai sha an jima. Da dare ya kwana tabarma ɗaya da ƙannensa. Sai a kwana na huɗu ko na biyar, da numfashi ya fara fita da ƙara, ƙirji na lotsawa, sannan maigida ya nemi amalanke ko kabu-kabu. A isa gidan likita, majo, babban ma'aikacin lafiyar wurin, ya duba ya girgiza kai. A dawo gida ana cewa da ma asibiti ba a zuwa a dawo.

Abin da kaka ta gani ba beli ba ne. Yana ce da ƙwayar mashaƙo ke shimfiɗawa, tana toshe hanyar numfashi, in an kankare ta sai jini. Ƙwayar kuma tana zuba dafi cikin jini, dafin ya nufi zuciya da jijiyoyi, shi ya sa wani yaron sai a ga kamar ya ji sauƙi, bayan mako ɗaya ko biyu zuciya ta tsaya. Akwai makarin dafin, allura ce, sai dai dafin da ke yawo cikin jini kaɗai take kamawa, wanda ya riga ya shige tsoka ya fi ƙarfinta. Don haka yaron da aka kai ranar farko da wanda aka kai rana ta biyar ba magani ɗaya suka samu ba, ko da daga kwalba ɗaya aka zuƙo musu. Ga kuma abin da nake so kowa ya riƙe: mai mashaƙo, in ya yi kwana 2 yana shan maganin kashe ƙwayar, yawanci ya daina harbin kowa. Wanda ba a ba magani ba kuwa yana iya yin makonni yana yaɗawa. Keɓewar kwana biyu muke gudu, mu je mu sayo zaman makoki na makonni.

Wanzamai, ku kuke fara ganin maƙogwaron yaranmu kafin kowane likita, kuma maganarku ba ta faɗuwa ƙasa a gidajenmu. In kun buɗe baki kun ga wannan yana, ku mayar da aska cikin zabira, ku ce wa uban yaro ya kama hanya yanzu-yanzu, ku wanke hannu da sabulu, ku aika wa mai gari. Masu sayar da magani a tebur da kan babur, in iyaye uku daga unguwa ɗaya sun zo muku da kuka iri ɗaya cikin mako guda, kun riga majo sanin abin da ke faruwa. Ribar ƙwaya goma ba ta kai ku yi shiru ba.

Sai maganar awo. Zazzaɓi a ido duk ɗaya ne, sai an auna ake sanin mai shi. Mun riga mun saba da awon masassarar cizon sauro: a huda yatsa, a ɗiga jini, kafin a sauke shayi na biyu an ga layi ɗaya ko biyu, kuma ba mai gudunsa yanzu. Na mashaƙo bai fi wannan wuya ba, auduga ce a kan ɗan tsinke, a shafo maƙogwaro, a rufe a kwalba. Na amai da zawo ɗan bayan-gida ake ɗiba. Wanda mutane suka fi tsoro shi ne na sanƙarau, inda ake lanƙwasa majiyyaci a sa allura a ƙasan gadon baya a ɗebo ruwa. Ana cewa allurar ke gurgunta yaro ko ta kurmanta shi. Ciwon ne ke wannan aika-aika, kuma tun kafin a ƙera allurar yake yi. Ruwan da ake ɗiba bai cika cokali ba, jiki na mayar da shi cikin sa'o'i kaɗan. A jikin lafiyayye garau yake fita. In ya fito a gurɓace, majo ya san da abin da yake kokawa tun kafin ya aika Yamai, kuma ba ya jiran amsa kafin ya fara allura.

To don me ake aikawa? Don sanƙarau iri-iri ne. Riga-kafin da aka fara yi a ƙasar nan a 2010 ya karya lagon nau'in A, wanda ya kama dubun-dubatar mutane a Nijar a 1995. Muka saki jiki, sai ga nau'in C a 2015, sama da mutum 8,000 suka kamu, sama da 500 suka rasu, har aka rufe makarantu a Yamai. Riga-kafin A ba ya tsare C. Ruwan bayan nan da ake kaiwa cibiyar CERMES a Yamai shi ke faɗin wane iri ne ya shigo, daga nan a san allurar da za a nemo. Allurar kuma ba ta zuwa don an yi kuka, lissafi ake dubawa. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in an samu mutum 3 cikin 100,000 a mako ɗaya sai a ɗaura ɗamara, in sun kai 10 annoba ce, a nemi riga-kafi. Yaron da aka ɓoye a ɗaki, ya cika da azahar aka rufe shi da la'asar ba wanda ya rubuta, ba ya cikin wannan lissafi. Ƙauye goma su yi haka, takarda ta nuna lafiya lau ake a Damargu, motar allura ta wuce wani wuri. Mu da hannunmu muka kore ta.

Ban ce tsoron mutane ba shi da tushe ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Cikin yara wajen 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka shekara da shekaru ana shari'a kafin a biya diyya. Labarin ya iso nan, ya zauna a zukata. Amma a dubi inda tsoron ya kai mu: a 2003 aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano, cutar ta bazu ƙasashe da dama har Indonesiya, mu ma ba mu tsira ba. Maganin irin abin da aka yi a 1996 shi ne buɗe ido. Duk wanda ya zo ya bi ta wajen mai gari, ya nuna takardarsa, ya faɗi abin da zai ɗiba da inda zai kai, ya kuma dawo da amsa. Haƙƙinmu ne mu tambaya, mu sake tambaya. Rufe ƙofa kuwa ƴaƴanmu yake ci.

Bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da majiyyaci shi ne aikin da ya fi kowanne arha, kuma shi muka fi yi wa rowa. Ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin saman Legas da cutar Ebola a jikinsa. Likitar da ta duba shi, Dakta Stella Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ita ma ciwon ya kama ta, ta rasu. Ma'aikata suka zauna suka rubuta sunan duk wanda ya kusance shi, da duk wanda ya kusanci waɗanda suka kamu daga gare shi, mutum kusan 900. Kullum a je gidan mutum a auna zafin jikinsa, har kwana 21. Ziyara wajen 18,500 aka kai. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka shelanta ta ƙare a Najeriya. Lokacin ba riga-kafin Ebola a hannu, ba maganinta. Biro da takarda da tafin ƙafa suka yi aikin, alhali a Gini da Saliyo da Laberiya ta kashe sama da mutum 11,000.

Dattawanmu ma shaida ne. Ku dubi damtsensu za ku ga tabon lamba, ku tambaye su abin da agana ke yi wa gari. A ƙarshen 1966, a gabashin Najeriya, wani likita mai suna William Foege ya ga allurar da ke hannunsa ba za ta ishi kowa ba. Sai ya aika ƙauye-ƙauye a gano gidajen da agana take, ya yi wa na kewaye da su lamba, ya bi danginsu da kasuwannin da suke ci. Cutar ta rasa inda za ta tsallaka, ta mutu a yankin. Da wannan dabara aka gama da ita a Afirka ta Yamma a 1970, a 1980 kuma aka shelanta ta ƙare a duniya. Yaran yanzu ba su san fuska mai zanzana ba.

In ma'aikacin lafiya ya zauna a zaure ya buɗe littafi, ga abin da yake nema: wa ya kwana ɗaki ɗaya da majiyyaci, wa ya ci kwano ɗaya da shi, wa ya yi jinya, su wa ke zama kusa da shi a makarantar allo ko lakwal, wace mota ya shigo, a wace rijiya ya yi shayarwa, wace kasuwa ya ci, in kuma rasuwa aka yi, wa ya yi wanka. Ba jandarma ba ne, ba haraji ya zo ɗorawa ba. Wanda aka rubuta sunansa shi ya ci riba. In mashaƙo ne za a ba shi maganin kariya da allura, a riƙa leƙa shi har kwana 10. In amai da zawo ne, kwana 5. In ƙyanda ce, yaron da aka yi wa allura cikin kwana 3 da haɗuwarsa da mai ciwon yana iya tsira gaba ɗaya. A sanƙarau sawun ya ma wuce gida ɗaya: a 2017, a Madarunfa, likitocin MSF tare da ma'aikatar lafiya sun raba ƙwayar magani guda-guda ga duk mutanen ƙauyen da aka samu mai ciwon, kuma masu kamuwa a waɗannan ƙauyuka ba su kai rabin na inda ba a raba ba. Wanda ka ɓoye sunansa don kara, wannan ka hana shi.

Na san al'adarmu. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan fari, a ruga ma kunyar ta fi haka. Ba sai an karya kunya ba, a kira ƙanwar miji ko wata jika ta faɗa. Wanda kuma ya kwana inda ba ya son a sani, ya ja majo gefe ya raɗa masa. Sirrin majiyyaci amana ce a wuyan ma'aikaci, wanda ya fasa shi ya ci amanar aikinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga mai wuyar, keɓewa. Nan ne zuciya ke ƙi. Mu mutane ne da ba mu barin majiyyaci shi kaɗai, dubiya ibada ce, wanda bai zo gaisuwa ba kuma a riƙe shi a zuci har abada. Shekarar korona ta ƙara ɓata abin. A watan Maris na 2020 aka wayi gari da umarnin rufe masallatai, talaka bai ga an shawarce shi ba, har aka yi tarzoma a Mirya. Da yawa suka ce ƙarya ce, ciwon Turawa ne, alhali a watan Mayun shekarar ya ɗauke ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, ɗan Tasker. Abin da nake kira gare shi bai kai rufe gari ba. Ɗaki ɗaya ne, ko bukka, ko rumfa a gefen gida, na kwanaki ƙidayayyu.

Malamanmu sun fi ni sanin cewa wannan ba baƙon abu ba ne a addini. Sayyidina Umar ya taso zuwa Sham da jama'a, ya iso Sarg aka gaya masa annoba ta sauka a Sham. Ya yi shawara, ya juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita. Annobar Amwas ke nan, wadda ta ɗauki Abu Ubaida kansa da Mu'azu ɗan Jabal, sai da Amru ɗan Asi ya sa mutane suka warwatsu cikin duwatsu sannan ta lafa. Waɗannan bayin Allah sun fi mu tawakkali. Allah gafarta Malam, wannan ƙissa ta cancanci huɗuba tun kafin hunturu ya shigo, kada a bari sai an fara jera gawa.

Makiyayi kuwa ba sai an karanta masa ba. Saniya ta fara tarin huhu, ba ya jiran kowa, zai fitar da ita daga garke, ya ɗaure ta nesa, ya raba mata wurin shan ruwa, ya tuna da garken wa ta haɗu a rijiya ya aika musu. Kuma ba ya barinta da yunwa, har inda take yake kai mata ciyawa. Hankalin da muke yi wa dukiya, ɗan mutum ya fi cancanta da shi.

Mai jinya ya zama mutum ɗaya, babba, ban da mai ciki, ban da mai goyo. Mace ta rufe hanci da baki da gyale, namiji ya ja amawali. Moɗar majiyyaci daban, kwanonsa daban, butarsa daban. Hannu a wanke da sabulu, in babu, da toka. In zawo ne a haƙa rami nesa da rijiya a binne, a haɗa ruwa mai tsabta lita ɗaya da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana tafiya likita. Amai da zawo yana iya kashe ƙato cikin yini guda, amma in an mayar da ruwan jiki da wuri ko mutum 1 cikin 100 ba ya mutuwa. Masu dubiya su tsaya daga bakin danga su yi sannu, addu'a ba sai an shiga ɗaki take karɓuwa ba. In ta Allah ta kasance, a bari ma'aikata su nuna yadda za a yi wanka da ruwan magani, da mutane kaɗan, kada a ɗora tukunyar taro a gidan.

Amma fa mu gaya wa juna gaskiya. Ka ce wa magidanci ya zauna gida kwana 10 a watan Afrilu, wa zai ja masa ruwa? Rijiyoyin Damargu ba na wasa ba ne, sai da jaki ko sa ko raƙumi ake fito da wasaki, dabba kuwa ba ta san an keɓe mai ita ba. Matar da ke ci daga cinikin ƙosai ko fura, in ta rufe kwana 5, me yara za su sa a baki? Yawancin masu tserewa daga keɓewa yunwa ce ke korar su da ƙishirwar dabbobinsu. Muddin aka bar wa mai gida ɗaya wannan kaya, zai ɓoye ciwon, kuma ni ba zan ga laifinsa sosai ba. Saboda haka ranar da aka ce gidan wane ya keɓe, ranar ce mai gari ko ardo zai raba aiki. Samari biyu su shayar da dabbobinsa. A ajiye jarkunan ruwa a ƙofar gida safe da yamma. Matan asusu su zagaya da tuwo. A buɗe bankin cimaka a auna masa tiya, masu hali su kawo sadakarsu nan. In damina ce a yi masa gayya a gona. Mutumin nan ya zauna ne don ƴaƴanmu su tsira, bashi ne a kanmu. In ya fito kuma a karɓe shi hannu bibbiyu. Kada a ƙaurace wa furar matarsa, kada a fasa auren ƴarsa, kada yara su bi shi da waƙa. Gari ya wulaƙanta gida ɗaya da ya faɗi gaskiya, gida ɗari sun koyi yin shiru.

Hukuma ma da nata kason, kuma za mu faɗa da babbar murya. Awon da aka ɗiba a ƙauye aka kai Yamai, tafiyar sama da kilomita 1,000, amsarsa ta dawo har kunnen uwar yaron, kada ta tsaya a ofis. Makarin mashaƙo da allurar sanƙarau su kasance a asibitocin Tanut da Belbeji tun kafin lokacinsu ya zo. Motar asibiti ta zauna da mai a ciki, kada a ce wa talaka ya kawo jikkuna kafin ta tashi. Tun 2006 gwamnati ta ce kyauta ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5, to a annoba kada a miƙa wa uwa takardar sayen magani. Ma'aikata su bi makiyaya inda suke, a bakin rijiyoyin Tenhiya da arewacin Tarka da ranakun kasuwa, tare da likitocin dabbobi, da mai jin Tamajak da Fulatanci. A 2016 zazzaɓin Kwarin Rift ya kashe makiyaya a Cintabaradan da Tasara, ana ganin dabbobi na ɓari suna mutuwa. Makiyayi ne zai fara ganin irin wannan, a ba shi lambar da zai kira, kuma in ya kira a ɗauka. Wakilan lafiya na ƙauyuka, masu yin aikin nan da ƙafa, a ba su kuɗin waya da alawus ɗinsu a kan kari.

Ku da kuka karanta, ku karanta wa wanda bai iya ba, a majalisar shayi da bakin rijiya da tasha, ku juya shi da Tamajak da Fulatanci da Barbarci. Yau da dare a ciro takardun riga-kafin yara a duba: allurar wata ɗaya da rabi, ta wata biyu da rabi, ta wata uku da rabi, da ta ƙyanda a wata 9. Wanda aka tsallake wa a kai shi, ko da ya yi wayo. A sa lambar majo a waya. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, zazzaɓi da sanƙarewar ƙeya ko kumburin maɗigar jariri, zawo tsagwaron ruwa, ƙuraje bayan tari da jan ido, ƙafar yaro ta saki farat ɗaya, tarin da ya wuce mako 2, ko ɗaya aka gani kada a kwana da shi. A kai, a yarda a auna, a faɗi sunaye.

Ranka ya daɗe mai gari, Malam liman, ardo, sarkin tasha, shugabar mata, ku tara jama'a a wannan Juma'ar, ku zaɓi ɗakin da za a keɓe, ku naɗa masu jan ruwa da masu kai abinci, tun babu wanda ya kwanta.